Wutar Lantarki Daga Injin Mota Da Na Jirgin Ruwa: Ina Riba Take, Ina Asara?



Akwai tambayar da ta yawaita a tarukan manoma tun da man fetur ya yi tsada kuma wutar gwamnati ta ƙara zama sai an gani. Wani ya ce yana da tsohuwar mota a ajiye, ko zai iya jan wuta daga gare ta ya kunna injin ƙyanƙyasa? Wani ya ce ƙungiyarsu za ta sayi injin mota na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, a haɗa masa kan janareta. Masunta kuma na tambaya ko injin jirginsu zai iya riƙe firji.

Amsar a taƙaice ita ce: kowane inji mai juyawa zai iya ba da wuta, amma ba kowace wuta ce ke da riba ba. Ribar tana wajen injin da dama yana kan aikinsa, kamar na niƙa ko na jirgi, ka ɗora masa ɗan ƙarin aiki. Asarar kuma tana wajen tada babban inji musamman don samun 'yar wuta kaɗan. Bari mu bi abin daki-daki, da lissafinsa.

Me ya kawo mu nan?

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a Abuja da garuruwan Arewa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit. A cikin shekarar 2024 ɗin dai babban layin wutar ƙasa ya faɗi fiye da sau goma.

Abin da ya fi taɓa Arewa shi ne duhun Oktoban 2024. An riga an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka dogara da shi a madadinsa, ya samu matsala. Yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta. Masu casar shinkafa, masu ƙanƙara, masu kiwon kaji da masu sayar da fura da nono mai sanyi duk sun ji a jikinsu. 'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana irin wannan, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba su a watan Agusta, ba a mayar ba sai Maris na 2024.

Ƙauyuka da yawa ma ba su da turakun wuta balle a ɗauke musu. To rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Shi ya sa kowa ya koma kallon injin da ke gabansa.

Yadda mota ke yin wuta

A jikin injin kowace mota akwai na'urar da masu riwaya ke kira altaneta. Fambel ne ke juya ta, ita kuma tana cajin batir. Wutar da take bayarwa irin ta batir ce, kimanin bolt 14 a ƙananan motoci, manyan motoci kuma da yawa suna aiki da tsarin bolt 24. Wutar gida kuwa bolt 230 ce. Saboda haka ba za ka jona firji ko talabijin kai tsaye ba, sai ka bi ta inbata, wato akwatin da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida.

Altanetar ƙaramar mota yawanci tana ba da amfiya 60 zuwa 100. In ka ninka da bolt 14 za ka samu wat 800 zuwa 1,400. Amma fa wannan sai injin yana gudu sosai. In mota na tsaye tana aiki a silo, abin da za ta bayar bai fi rabin haka ba, kuma ita kanta motar tana cin wani kaso, musamman fankar lagireto da famfon mai. Wani abin kuma, altaneta ba ta da tattali. Kusan rabin ƙarfin da take karɓa daga inji zafi yake zama.

Lissafin da ya kamata kowa ya yi

Mu yi amfani da yunit, irin wanda ake gani a mita. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Don sauƙin lissafi mu ɗauka fetur naira 1,000 ne lita, dizal (man gas) kuma 1,200. Kowa ya sa farashin garinsu a gurbin waɗannan.

Mota a silo tana shan kusan lita ɗaya a awa, mu ce 0.8. In ka ja wat 400 daga gare ta, ka ƙona naira 800 ka samu yunit 0.4. Ke nan yunit ɗaya ya tsaya maka a naira 2,000.

Ƙaramin janareta na fetur, in an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, yakan ba da kimanin yunit ɗaya da rabi a lita. Yunit ɗaya ya kama kusan naira 700.

Injin dizal mai lafiya da aka haɗa da kan janareta, yana ɗauke da kaya sosai, yakan ba da kimanin yunit 3 a lita. Yunit ɗaya ya zo naira 400.

Ka ga ke nan wutar da aka yi kuka da tsadarta a naira 225 a Afrilun 2024 ta fi duka araha, matsalarta dai ba ta zuwa. Kuma tada mota don wuta shi ne mafi tsada a cikinsu, ninki biyar na injin dizal. Dalili kuwa a fili yake: an ƙera injin mota ne don ya ja tan guda ko fiye a kan titi. In ka tada shi don kunna ƙwan fitila da fanka, yawancin man yana tafiya ne wajen juya injin kansa. Ga kuma lalacewar fulogi da baƙin mai da dogon silo ke jawowa.

Wannan ba ya nufin dabarar ba ta da rana. In ƙwai na cikin injin ƙyanƙyasa saura kwana uku su fashe, ko allurar rigakafin kaji na cikin firji wuta ta ɗauke, to naira 800 a awa ba komai ba ce a kan asarar da za a yi. Ƙwan kaza kwana 21 yake buƙata a zafin da bai yi nisa da digiri 37.5 ba, na zabo kuma kusan kwana 28. Yawancin alluran rigakafi suna son sanyin digiri 2 zuwa 8. A irin wannan hali mota asibitin gaggawa ce. Amma ba a mayar da ita abincin kullum.

Inda ribar take: injin da dama yana aiki

Ɗauki injin niƙa ko na casar shinkafa. Yana aiki awa biyar ko shida a rana, kuma sau da yawa ba a cinye ƙarfinsa duka. In aka ɗaura masa tsohuwar altanetar mota da bel, to man da zai ƙaru kaɗan ne, tunda an riga an biya kuɗin juya injin da kuɗin niƙa.

Ga misali. Batir mai amfiya 100 da aka sha rabinsa yana buƙatar kimanin yunit 0.6 ya cika. Ƙarin dizal ɗin da wannan zai ci bai wuce sulusin lita ba. Da wannan wutar za a kunna ƙwan fitila huɗu masu wat 5 na awa biyar, a kuma yi cajin wayoyin hannu ashirin, har a samu saura. Mai injin da ke karɓar kuɗin caji ya san wannan ciniki ne.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1990 aka fara wani shiri a ƙauyukan Mali da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake girka injin dizal guda ɗaya a kan ƙarfe, yana juya injin niƙa, da na casa, da na'urar cajin batir, wani wurin har da walda da famfon ruwa. Ƙungiyoyin mata ne ke riƙe da shi, suna karɓar kuɗin aiki suna ajiye na gyara. Daga baya tsarin ya bazu zuwa Burkina Faso, Senegal da wasu ƙasashen yankin. Darasin da ke ciki shi ne inji ɗaya, ayyuka da yawa, da littafin shiga da fita.

Abubuwa uku ne mai haɗawa zai kiyaye. Na farko, altaneta tana son gudu. Sai ta kai juyi dubu ɗaya da wani abu a minti kafin ta fara caji, kuma sai ta kai wajen dubu uku zuwa sama kafin ta ba da wuta mai kauri. Don haka fulin da ke jikin inji ya fi nata girma. Na biyu, ba ta fara aiki sai da batir a jone, domin daga gare shi take samun wutar tashi. Na uku, kada a cire kan batir alhali inji na aiki. Wasu na yin haka wai don gwada caji, amma wutar kan yi tsalle ta ƙona altanetar da duk abin da ke jone.

Masu noman rani na tambaya game da injin ban ruwa. A nan sai a yi hattara. Yawancin injinan inci biyu da inci uku ƙarfinsu bai wuce doki biyar da rabi zuwa shida da rabi ba, kuma famfon a manne yake da sandar injin, babu wurin sa fuli sai an yi ƙira. Altanetar da ke ba da wat 500 za ta ƙwace fiye da doki ɗaya. Ruwa zai ragu, lokacin ban ruwa ya ƙaru. In cajin waya da fitilar gadi kawai ake so a fadama, ƙaramin faifan sola ya fi sauƙi.

Injin jirgin ruwa

Masunta da masu fito a Yawuri, tafkin Kainji, Shiroro, Tiga da Baga suna da nasu lissafin daban. Injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale, irin Yamaha mai doki 15 ko 40 da ake tayarwa da igiya, ba shi da altaneta irin ta mota. Abin da ke cikinsa ƙaramin koyil ne a ƙarƙashin fulawil, wanda yawanci bai wuce wat 80 ba, kimanin amfiya 6. Wasu ma ba su zo da shi ba sai an sa. Kafin ya yi cajin batir sai an haɗa masa 'yar na'urar da ke daidaita wutar, wadda masu riwaya ke kira raktifaya.

Wat 80 ba zai riƙe firjin kifi ba, kada wani ya ruɗe ku. Amma in jirgi na tafiyar awa uku ko huɗu a rana, zai tara abin da zai isa fitilar jirgi, tocila, rediyo da wayoyin hannu, ba tare da wani ƙarin man kirki ba. Waya mai caji a tsakiyar ruwa kuwa tana iya zama sanadin ceton rai. Sai dai samun fitila ba izinin tafiyar dare ba ne. Hukumar NIWA ta hana zirga-zirgar dare a ruwa, kuma da yawa daga haɗurran da suka ci rayuka a kogin Neja da dare suka faru.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada a ɗauko injin jirgi a tada shi a tudu don yin caji. Da ruwan kogi yake sanyaya kansa. In babu ruwa, robar famfon da ke cikinsa tana ƙonewa cikin ƙanƙanin lokaci, daga nan sai injin ya bi.

Ƙungiyar da ke son babbar wuta

In buƙatar ta kai ta walda, firiza, injin ƙyanƙyasa babba ko famfon burtsatse, to an wuce maganar altanetar mota. Injin ƙyanƙyasa mai cin wat 100 kawai yana shan yunit 2.4 a kwana ɗaya, wato ninki huɗu na abin da batirin da muka ambata zai bayar. A nan kan janareta ake buƙata, mai ba da bolt 230 kai tsaye.

Sharaɗinsa shi ne gudu daidai. Wutar Najeriya da Nijar tana kan ma'aunin hez 50, kuma don a samu haka yawancin kawunan janareta da ake haɗawa da bel suna son juyi 1,500 a minti, wasu ƙanana kuma 3,000. A duba farantin da ke jikinsa. Lissafin fuli ba shi da wuya: faɗin fulin inji sau gudun inji ya yi daidai da faɗin fulin janareta sau gudunsa. Injin dizal na China mai silinda ɗaya da ke juyi 2,200, in fulinsa santimita 15 ne, to na janareta ya zama santimita 22. Game da ƙarfi kuma, a ware doki biyu ga kowane kilowat ɗaya. Inji mai doki 20 kada a sa ran ya wuce kilowat 10.

To me ya sa ba za a sa injin mota ba, tunda ga shi da araha a kasuwa? Saboda ba shi da gwamna. Gwamna ita ce na'urar da ke ƙara mai da kanta in kaya sun yi nauyi, ta rage in sun yi sauƙi, don gudun ya tsaya wuri ɗaya. Injin Lista da injinan niƙa suna da ita. A mota kuwa ƙafar direba ce gwamna. In aka ɗaure totur da waya aka bar shi, da zarar mai walda ya ɗana sai gudu ya faɗi, wuta ta yi ƙasa. Da ya ɗaga kuma sai ta yi sama. Wannan hawa da sauka shi ke ƙona kwamfuresar firji da famfon burtsatse. Ana iya sa wa injin mota gwamna, amma kuɗi ne, kuma sai gwani.

Akwai ƙarin matsala biyu. Dokin da aka rubuta wa injin mota sai a juyi dubu biyar ko shida yake samuwa, a 1,500 kaso kaɗan ne zai bayar. Sannan lagireton mota ya saba da iskar tafiya. In inji na tsaye wuri ɗaya a zafin Afrilu yana jan kaya, sai an ƙara masa fanka mai ƙarfi ko babban lagireto. Araha ba ta ado. Ƙungiyar da za ta kashe kuɗi, gara ta nemi injin dizal na girke. Wadda kuma ke da tarakta, akwai janaretan da ake jonawa a sandar bayanta mai juyi 540 a minti. Tarakta na da gwamna, kuma da rani yawanci a ajiye take.

Ina matsayin sola da gas?

Farashin faifan sola ya sauko sosai a duniya cikin shekarun nan, kuma yankinmu na cikin masu samun rana da yawa. Faifai mai wat 300 yakan ba da fiye da yunit ɗaya a rana, babu ko ɗigon mai. Ga buƙatar kullum, irin fitila, caji, fanka da ƙaramin firji, babu injin da zai yi gasa da shi. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar REA ke gudanarwa don samar da wutar sola a karkara. Yana da kyau shugabannin ƙungiyoyi su bibiyi yadda garuruwansu za su shiga.

Rauninsa shi ne kwanakin hadari a Agusta da ƙurar hunturu. A nan ne inji ke shigowa. Tsarin da ya fi dacewa da yawancin ƙungiyoyi shi ne sola ta riƙe batir kullum, altanetar injin niƙa ta cike giɓi, kan janareta kuma a tada shi don manyan ayyuka kawai, a tara su a yi lokaci guda.

Manoma da dama sun mayar da injinan ban ruwa da janaretocinsu zuwa gas na girki bayan 2023. Yana iya rage kuɗi, gwargwadon farashin kilo a garinku, amma a sa tiyo da ragileta masu kyau, tukunya kuma ta yi nesa da salansa. Gas ɗin CNG da gwamnati ke tallatawa kuwa, gidajen sayar da shi a manyan birane suke, bai iso ƙauye ba tukuna.

Abin da ke kashe mutane

Hayaƙin inji na ɗauke da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai, jiri da kasala, sai barci, daga nan sai dai a wayi gari. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya saboda janareta a cikin gida. Kada a tada mota ko wani inji a ɗaki, zaure, gareji ko kusa da tagar da ake kwana. Haka ma ɗakin kaji.

Wutar batir ba ta cika jan mutum ba, amma tana tada gobara. Inbata mai wat 1,000 tana jan kusan amfiya 100 daga batir mai bolt 12. Siririn kebul zai narke. A sa mai kauri irin na batirin mota, gajere, da fis kusa da kan batir. Ramin kunna sigari na mota bai wuce wat 120 zuwa 150 ba, kada a jona babbar inbata a nan. Batir na fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka a ajiye shi inda iska ke shiga, ban da ashana ko taba. Batirin mota kuma ba a yi shi don a riƙa shanye shi ba. In ana sauke shi ƙasa da rabi kullum, 'yan watanni zai yi.

Duk gidan da ke da layin gwamnati, dole a sa canjoba. In babu, wutarka za ta koma kan layi ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke, ko kuma a kawo wuta ta ƙona maka janareta. Bel da fuli kuma a yi musu murfi na raga. Babbar riga, gyale da hannun yaro ba sa jimawa kusa da bel mai gudu.

Kafin a fitar da kuɗin ƙungiya

Ku zauna ku rubuta duk abin da kuke son kunnawa, wat nawa yake ci, awa nawa a rana. Ku tara ku ga yunit nawa ne. In bai kai yunit ɗaya ba, sola ko altaneta a injin niƙa ta wadatar. In ya kai biyar zuwa sama, ku yi maganar injin dizal da kan janareta. Ku gwada injin na mako guda kuna auna man da ya sha, kafin ku yanke kuɗin da za ku riƙa karɓa. A cikin kuɗin ku sa na baƙin mai, bel, batir da ladan mai kula, ba na dizal kaɗai ba. Injinan ƙungiya da yawa ba lalacewa ce ta kashe su ba, rashin kuɗin gyara ne ranar da suka tsaya. In kuma za ku ja layi ku sayar wa maƙwabta, ku fara tuntuɓar hukumar wutar lantarki, domin dokar 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, kuma ƙa'idojin sun fara bambanta daga jiha zuwa jiha.

Farashin mai zai ci gaba da hawa da sauka tunda yanzu kasuwa ce ke yanke shi. Abin da ke hannunmu shi ne mu san nawa kowane yunit ke tsaya mana. Mai mota ya ajiye ta don ranar gaggawa, mai injin niƙa da mai jirgi su ci moriyar juyin da suka riga suka biya, ƙungiya kuma ta haɗa hannu ta sayi abin da aka ƙera don aikin.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani.